Man Shanu a Kunnen Sankira

"Lahiya lau, amarya. Ina gajiya? Ina gwiwar nan taki mai kuka kamar tsohon ƙyaure?"

"Gajiya ta bi lahiya, mijin wahala. Sauko bisa dokin ƙarhen ga tukuna, kada ka hwaɗo a ce ni na kashe ka don in gaji wando guda."

Hantsi ne, a ƙarshen kaka, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Hilaire, direban motar mishon ta Dogon Dutsi, ya taso tun da sassafe a kan keke, rabin hanya yana hawa rabi yana turawa cikin rairayi, har ya iso Tungar Maharba da ke bayan Matankari. Ya tarar da kakarsa Shatu, wadda ta haifi ubansa, a gindin gawon ƙofar gida tana ɓarar gyaɗa. Tsakaninsu ba a gaisuwa sai da cizo, haka suke tun yana yawo ba wando. Ita Ileri take ce masa, wai sunan nan nasa na Nasara yana maƙale mata a haƙori, alhali haƙoran ma saura kaɗan su ƙare. Kunnenta kuma ya yi nauyi, sai an ɗaga murya, amma in tsiya ce ko da raɗa aka yi mata sai ta ji.

"Mi kaz zo da shi cikin jikkar ga, shina ta ƙara? Ko ka hwara tallan giya?"

"Albishirinki."

"Goro. Amma ba ni da shi, sai ɓawon ga, in kana so."

"Matata Henriette ta sauka jiya da marece, can dispansar, ƙaramin asibitinmu. Namiji. Ita da shi dut lahiya."

Tsohuwa ta saki ƙwarya, gyaɗa ta watse, kaji suka samu rabon da ba su nema ba. Ta ɗaga hannu biyu sama tana cewa, "Allah mun gode, Allah mun gode," ta rangaɗa wata guɗa da ta karye a tsakiya. Daɗi ya cika ta har ya zubo ta ido. Ta sa haɓar zane ta share, sannan ta dubi jikan nata sama da ƙasa.

"To, Ileri, na sake ka. Na samu sabon miji."

"Wala! Dama na gaji da ciyar da ke. Shi ma sabon, in ya buɗe ido ya ga huskar ga, komawa za shi yi inda yah hito."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi, ɗan banza. Tashi ka ɗauko mini Sankira."

Sankira bindiga ce, adaka, doguwa, ta marigayi Jibo maharbi mijin Shatu. A gidan Jibo akwai al'ada: duk ran da aka yi haihuwa a zuri'arsa, sai ya fito ƙofar gida ya ɗaga Sankira sama ya harba, albarushi zalla babu harsashi. 'Yan'uwa da ke tungayen hayin fadama ba sa jiran ɗan aike. Da sun ji ƙarar sai mata su amsa da guɗa, su fara daka. An harba ta don 'ya'yansa, an harba ta don jikokinsa kaf, in ban da mutum ɗaya. Lokacin da Sila, uban Hilaire, ya dawo daga soja da sabon suna da sabon addini, tsohon ya yi fushi, kuma a cikin fushin nan aka haifi Hilaire. Ranar Sankira ba ta sauko daga bango ba. Daga baya an shirya, Jibo ya ɗauki yaron a wuya ya zaga gona da shi, ya koya masa ɗana tarko, amma abin da ya wuce ya wuce. Hilaire yana maganar da dariya, kowa kuma ya san tana masa ciwo.

Ya shiga ɗaki ya fito da ita naɗe cikin tsohon zane, ya miƙa hannu nesa da hancinsa.

"Kaka, mi yam mutu cikin zanen ga?"

"Hancinka yam mutu. Buɗe a hankali."

Ya buɗe. Tun daga baki har gindi bindigar ta yi ɓawo, rawaya-rawaya, mai danƙo, ƙananan tururuwa suna sintiri a kai. Kunamar ta daskare, ko motsi ba ta yi. Kunnen bindigar kuwa, ɗan ramin nan da wuta ke bi ta shiga ciki, ya toshe har ba a ganin inda yake. Dama a zuwansa na baya ta ce masa kunama ta ƙi ɗanuwa, in zai kawo labari ya haɗo da abin wanki, amma bai zaci abin ya kai haka ba.

"Wagga ba bindiga ba ta, ƙwaryar Hilani ta. Mi kis sa mata?"

"Man shanu."

"Sau nawa?"

"Kullum ran kasuwar Matankari, tun da mai gida yat tahi."

"Kai! Da kin ba ni man ga na ci, da yanzu na yi wuya kamar kumandan."

"Ko tulun mai anka tsoma ka, ƙashi za ka hito. Shi yac ce kada in bari tsatsa ta ci ta. Ka ga tsatsa?"

"Tsatsa ta zo, ta ji wari, ta koma. Garin neman gira kin rasa ido, amarya."

Ta shafa gindin bindigar da tafin hannu.

"Tun ina yarinya ni ka shahwa mishi man shanu ga kaushin ƙahwa in ya dawo daji. Da yat tahi, hannun bai san ya tahi ba. To mi za ni shahwa ma, bango?"

Hilaire ya ajiye bindigar a kan zanen. Ya tsuguna ya kwance jakarsa, ya jera kwalabe uku a ƙasa kamar mai tallan magani a kasuwa.

"Bon. Wanga isansi na, man mota, na garaji. Wanga kananzir. Wanga ƙaramin man keken ɗinkin Henriette na, na sato shi tana naƙuda. Amma kahin nan, wani tsohon soja da muka aiki tare ya ce bindigar albarushi ba ta da sabulu sai ruwan zahi. Ɗora tukunya, in kwarara mata ta baki."

"Ka mi?"

"In kwarara mata ruwan zahi!"

"Na ji, ba kunne na ba, hankalinka nika tambaya. Ruwa cikin Sankira?"

"To in ba ki so, kawo in gasa ta bisa murhu, man ya narke da kai nai."

Bai rufe baki ba tsohuwa ta yi wuf ta rungume bindigar, da wani zafin nama da gwiwar mai kuka ba ta taɓa nunawa ba.

"Wayyo ni Shatu! Za shi tashi gida da ni ciki! A ɗure take, mahaukaci!"

"A ɗure?"

"A ɗure. Da hannu nai yaɗ ɗura ta. Ran da labarin armenka yaz zo, shina kwance, ko hura ba shi iya riƙewa. Yac ce a tashe shi zaune, a kawo ƙahon albarushi. Ya zuba, ya danna tsumma, ya toshe bakin da auduga. Yac ce, 'Wagga ta ɗan Ileri ta. In ban kai ba, a harba mini.' Bai ƙara mako ba."

Hilaire ya zauna a ƙasa sosai yana duban bindigar, kamar yau ya fara ganinta. Abin da ke cikin ƙarfen nan shi ne aikin ƙarshe da hannun kakansa ya yi a duniya. In ruwa ya taɓa shi ya mutu. In wani mai ya tsiyaya ta kunne ya jiƙa shi, ya mutu. In wuta ta same shi kafin lokaci, su ne za su mutu. Ga shi kuma sai an wanke man shanun nan kafin ƙanƙara ta ba da tartsatsi.

"Kaka, ko mu zazzage wanga, mu wanke ta tas, in ɗura sabo? Ƙara dai ƙara ta."

"Ƙara dai ƙara ta? To kai ma in ka mutu sai in ɗauko ɗan makwabta in ce jika dai jika na. Muryar mai gidan ga nika son ji, ba taka ba. Taka na ƙoshi da ita."

"Ni ina ruwana. Ni da anka haihe ni ko ƙwarya ba a ƙwanƙwasa ba."

"An ƙwanƙwasa. Ni na ƙwanƙwasa kanka, don in ji ko da wani abu ciki. Har yau ban ji ba."

"Ba a hwahe gora ran tahiya, tsohuwa. Da kin hwaɗi tun bara, da ba mu zo ga haka ba. Yanzu ke, da mi kika so a wanke ta?"

"Ruwan tsamiya. Da shi nika wanke tasa ta yi ƙyalli."

"Ruwa na."

"Toka da kanwa."

"Sai an jiƙa su. Ruwa na."

"To a ƙara man shanu sabo, mai ka hidda mai."

"Amarya, in kin ƙara cewa man shanu, sai in kai ƙararki wurin sabon kumandan. Baƙin mutum na kamarmu, shina jin Hausa, ba ki da wurin ɓuya."

Ta duƙa tana kallon tururuwan da ke yawo a kan bindigar, idonta ya yi haske.

"Ga ma'aikata nan Allah Ya aiko. Mu kai ta bakin gidan tururuwa mu aje, su lashe ta tas. Ba ruwa, ba wuta, ba lada."

Hilaire ya yi dariya har ya kwanta da baya.

"Wallahi da ke anka ba mulkin ƙasar ga, da mun huta. To yaushe za su gama? Ran armen jaririn?"

"Sannu ba ta hana zuwa."

"Sai dai a daɗe ba a je ba. Ƙarasa ta mana, don mi kika yanke wa karin magana wutsiya?"

"Don ta yi kama da kai. To ɗan garaji, buɗe kwalaben naka mu gani. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Amma ba ga Sankira za a gwada ba."

Ta aike shi ya ɗauko wani tsohon lauje daga rumbu. Ta kankaro dasƙararren man daga bayan bindigar da farce, ta shafa a jikin laujen wuri uku. Hilaire ya fara da man keken ɗinki. Ya ɗiga, ya goga da tsumma, man ya zauna a kan ɗan'uwansa lafiya lau, babu wanda ya kori wani.

"Wanga ya samu dangi nai," in ji Shatu. "Mai da shi ga mai shi kahin ta tashi ta ƙirga kayanta."

Ya buɗe isansi. Yana gogawa ɓawon ya narke nan take, ƙarfe ya fito fes. Ya ɗaga laujen yana juyawa a rana, yana hura hanci.

"Kin gani? Wanga shi ka tuƙa mota daga nan har Yamai. Ki ce mini mushe, yadda aka ce ma manyan Nasara."

"Miƙo in sunsuna."

Ta sunsuna, ta yamutse fuska. Kafin ya ankara ta tsiyaya kaɗan a murfin kwalbar, ta watsa wajen murhun da ta dafa kunu da safe, wanda kowa ya ɗauka ya mutu. Wuta ta yi bup, ta tashi tsawon mutum. Kaji suka tarwatse, akuya ta tsinke igiya, Hilaire da ya duƙa zai ƙwace murfin ya ja da baya yana dafe leɓe. Ɗan gashin bakin nan da ya daɗe yana tattali kamar shukar taba, gefe ɗaya ya tafi.

"Kaka! Kin ƙone ni!"

"Na yi maka aski kyauta. Wanga ba mai ba na, iska na anka ruhe cikin kwalba. Shi za ka kai kusa da albarushin mijina? Kai shi bayan darni, can nesa, ka ɗora mishi dutsi."

"Da wace huska za ni koma Dogon Dutsi?"

"Da rabin da yar rage. Jaririn bai san ka da gashin baki ba, ba shi tambaya."

Saura kananzir. Shi ta san shi, shi take zuba wa fitilarta in an samu. Hilaire ya jiƙa bakin tsumma ya goga a wuri na uku. Bai yi saurin isansi ba, sai da ya goga ya sake gogawa, amma a hankali ɓawon ya saki, ya biyo tsumma.

"Wanga ya hi hankali," in ji ta. "Shina aiki ba shi hayaniya. Ba danginku ba na."

"Amma shi ma in ya tsiyaya ciki, ya kashe albarushi."

"To wa yac ce a bari shi tsiyaya? Ruwa na hawan tudu? Kihe ta za mu yi, kunnen ya dubi ƙasa, abin da yan narke ya zubo waje. Ni in riƙe, kai ka goga. Kuma ba da tsumman ga ba, ya cika sha. Kamo zabuwar can ka hizgo gashi guda."

Sai da ya zaga gida sau da yawa kafin zabuwa ta ba da gashin, ba da son ranta ba, tsohuwa tana daga zaune tana yi wa zabuwar kirari. Daga nan suka zauna aiki. Shatu ta kife bindigar a kan cinyarta, bakin yana duban daji, ta riƙe ta kamar mai yi wa jariri wanka. Hilaire ya kwanta rigingine a ƙasa yana tsoma gashin zabuwa a kananzir, yana yarfewa har sai ya kusa bushewa, sannan ya bi lungunan kunama da shi. Baƙin mai yana ɗigo masa a goshi.

"Riƙe da kyau, hannunki na rawa."

"Ba rawa ba ta, kiɗa nika yi maka. Yi a hankali nan wurin, kada ka ji mata ciwo."

"Ƙarhe na, kaka."

"Kai ma ƙashi na, amma in an taka ka kana kuka. Bindigar ga ita ta cishe mu shekarar da hwara ta cinye hatsi. Ubanka da naman da tak kawo ya rayu. Da ba ita, da ba kai, da duniya ta huta."

"To na gode mata. Ke hwa, sai yaushe za ki gode mini?"

"Ran da ka yi abin godiya."

Da kunama ta fara motsi sai ta yi wani ɗan ƙara, ƙyas, su biyun suka dubi juna. Ya goge ƙanƙarar har ta bushe. Shatu ta zare ƙayar aduwa daga cikin gashin kanta, wadda take sakace da ita, ta ba shi ya tsokaci kunnen. Wani dunƙulen mai kamar ƙwayar gero ya faɗo, sai wani, sai ƙayar ta fito da ɗan baƙi-baƙi a bakinta. Tsohuwa ta karɓa ta murza a yatsa, ta kai harshe.

"Busasshe na," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Shina nan."

Suka jingine ta a rana har warin kananzir ya fita. Ya ɗiga wa kunamar ɗigo ɗaya na man keken Henriette, don kada a ce satar ta tashi a banza. Zuwa lokacin rana ta take tsaka, makwabta sun ji guɗar ɗazu sun fara taruwa a bakin darni. Shatu ta shiga ɗaki ta fito da ƙahon albarushin Jibo, ta zuba ɗan kaɗan a kunnen da hannunta, ta zare audugar bakin, ta miƙa wa jikanta.

"Jingina bayanka ga gawon ga."

"Ni? Ni da ke riƙe sitiyarin babbar mota cikin rairayin Tibiri?"

"Na ce ka jingina."

"In kaka Jibo bai jingina ba, ni ma ba ni jinginawa."

"To. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho."

Ya tsaya a fili, ya buɗe ƙafa, ya ɗaga Sankira sama wajen fadama. Ya ja kunama. Ƙanƙara ta ba da wuta, kunnen ya yi fus, ɗan hayaƙi ya tashi, shi ke nan. Bindiga ta yi gum.

Babu wanda ya yi dariya. Shatu ta zauna a kan turmi, ta dubi tafin hannunta.

"Ni na kashe shi," ta ce. "Da man nan nawa. Ya bar mini magana guda in isar, na shaƙe ta."

Tausayinta ya kama Hilaire. Bai taɓa ganin tsohuwar nan ta rasa bakin magana ba, kuma bai so ya fara gani yau. Ya riƙe bindigar bakinta sama, ya jira, sannan ya matso kusa da kunnenta ya ɗaga murya.

"Amarya, ke da kin zauna da shi tun kina yarinya, yaushe kaka Jibo yat taɓa amsa kira na hwarko? Ko tuwo anka kira shi, sai an yi sau biyu. Kawo ƙayar."

Ta ɗago, ta harare shi da jajayen idanu, ta miƙa ƙayar. Ya sake tsokaci kunnen, ya zurfafa, ta sake zuba albarushi daga ƙaho. Ya koma fili ya ɗaga.

"Kira shi, kaka."

Ba ta taɓa faɗin sunan mijinta ba, yau ma ba ta faɗa ba. Cewa ta yi, "Mai gida, an yi maka baƙo."

Ya ja. Fus. Aka yi ɗan shiru kamar na mai gyaran murya.

Sai Sankira ta yi magana. Ƙarar ta daki dutse ta dawo, tsuntsaye suka tashi daga kan gawo gaba ɗaya, jakai suka ɗauki kuka, hayaƙi ya rufe ƙofar gida. Da hayaƙin ya yaye, sai ga direban babbar mota a zaune cikin ɓawon gyaɗa, ƙafa sama, hula can wajen akurkin kaji, bindigar rungume a ƙirjinsa.

Shatu tana tsaye, ta dafe ƙirji da hannu biyu, hawaye na bin kumatunta, tana dariya.

"Na ji shi! Wallahi na ji shi, har cikin ciki! Allah na gode maKa da Ka bar mini kunnen da zan ji wagga."

Can daga hayin fadama guɗa ta taso, siririya, wata ta amsa daga wata tunga, wata kuma daga nesa. Makwabta suka ɗauka su ma. Hilaire ya tashi zaune yana murza kafaɗa, yana girgiza kai don kunnensa ya buɗe.

"Wagga ba harbi ba ta, shurin raƙumi na! Tsohon ga so yay yi ya kashe ni? Na ga ana harba ta tun ina yaro, ba ta taɓa yin haka ba!"

"Ai na ce ka jingina."

"Kin san da magana kenan!"

Ta tako a hankali ta tsuguna a gabansa, gwiwar ta yi kukanta. Ta ɗauke masa ɓawon gyaɗa daga gashi.

"Awo biyu yaz zuba, Ileri. Ina riƙe da ƙahon. Na ce mai gida, ya yi yawa. Yac ce, 'Guda ta jaririn ta. Gudan ta uban ta, wadda na hana shi ran da anka haihe shi. Kada ki hwaɗa mishi sai ya ji ta ga kahwaɗa tai.'"

Hilaire ya sunkuyar da kai a kan bindigar, ƙarfen da ɗuminsa, ya daɗe a haka. Abin da ya riƙe a ransa tun yana yaro ya sauka, ya ji godiya ta cika shi har ba ta da wurin fita sai ido.

"Kuka kaka yi, mijin wahala?"

"Hayaƙi na."

"Hayaƙin ya tahi tun ɗazu."

"To kananzir na. Ke dai kin cika sa ido." Ya ja hanci, ya yi dariya. "Na sallama, amarya. Kin kada ni, ku biyu kun kada ni. Allah Ya jiƙan tsohon ga. Ga sauran kananzir nan, ki zuba ga hitila. Amma in na ƙara jin kin kai man shanu kusa da Sankira..."

"Ba ni kaiwa, don ba ta kwana nan. Ɗauki abinka, da ƙahon. Mai gida ya gama magana tai, saura taka."

Ta shiga ɗaki ta fito da 'yar ƙwarya rufe da faifai, ta ɗaure ta a bayan kekensa da hannunta.

"Wanga man na ran kasuwa mai zuwa na. Kai ma Hanriyatu ta sa ga kunu, sauran a shahwa ma sabon mijina ga ƙahwa. Ka ce mishi an harba mishi, an harba ma uba nai, duniya ta ji. Kai ko ka samu ɗan kaɗan ka shahwa ga leɓen ga, ko Allah Ya sa ya tsiro."